Yadda Ake Zaɓe Da Sayen Marsandi Ko Fijo Ta Zamanin Da A Legas

Motocin da ake magana a kansu a nan su ne salun masu ƙofa huɗu da but a baya, waɗanda aka ƙera daga wajen 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1990: Fijo 504 da 505, Marsandi W123 da W124 da 190, sai ɗaiɗaikun Volvo 240. A Legas abu biyu mutum yake biyan kuɗinsa a kai idan ya zo sayen irinsu, wato ƙarfen jiki da takardu. Inji da giya da fitila da kujera duk ana samu a kasuwar Ladipo da ke Mushin ko a ASPAMDA ta hanyar Badagry. Jikin da tsatsa ta ci daga ciki kuwa, ko takardar da lambarta ba ta yi daidai da ta shasi ba, wannan zai ci maka ninkin kuɗin motar kuma ba lalle ya gyaru ba.

Wacce za ka nema

Ka yanke wannan shawara tun kana gida, domin wanda ya fita yana cewa "duk wadda ta samu", dillali ne zai zaɓa masa.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa ta a Kaduna a 1975, bai daina ba sai tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka 504 biyu na iya tsayawa kusa da juna, ɗaya ta girmi ɗaya da shekara ashirin da biyar. Wadda aka fi gani ita ce mai inji lita 2 da kafireta. Babu garin da za ta tsaya maka a rasa bakaniken da ya san cikinta. Aibinta shi ne yawancinsu sun sha wuya, ko dai a tasha ko a hannun direbobin ma'aikata. Wadda ake nema ita ce ta tsohon ma'aikaci da ya saya ya ajiye don zuwa masallaci ko coci da gaisuwar 'yan uwa.

Marsandi W123, wadda 'yan kasuwa ke kira Regular, an yi ta daga 1976 zuwa 1985. Masu fetur akwai 200 da 230 da 230E da 280E, masu dizal kuma 200D da 240D da 300D. W124 ita ce V-boot, ta gaje ta a tsakiyar shekarun 1980 har zuwa tsakiyar shekarun 1990. Ƙaramarsu 190, wato Baby Benz, daga 1982 zuwa 1993.

Ga wanda bai taɓa riƙe tsohuwar mota ba, mun fi ba da shawarar 230E, ko W123 ko V-boot, ko kuma 504 ta ƙarshe-ƙarshen Kaduna. Silinda huɗu ne, kayansu na nan birjik, shan mansu da sauƙi. Masu silinda shida irin 280E da 300E sun fi daɗin tuƙi, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, awa biyu a gosulo na hanyar Ikorodu da irin wannan inji sai mai ƙarfin aljihu. Dizal na W123 suna da tsawon rai ƙwarai, sai dai nawa gare su. Ƙarfin 240D bai wuce doki 72 ba, 200D ma bai kai haka ba, in ka kunna AC ka zo hawan gada za ka ji a jikinka. Volvo 240 mota ce mai ƙarko amma neman kayanta sai da haƙuri.

Kada ka sa rai da sabuwar tokumbo. Dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta wuce wasu shekaru da ƙerawa, kuma waɗannan duk sun zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. A ranar 1 ga Janairu 2017 kuma aka haramta shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Duk wanda ya ce maka ga W123 da ta sauka makon jiya daga Kwatano, to ka tambayi ta inda ta bi, domin rigimar da ke tattare da ita kanka za ta dawo.

Inda ake samun su

Ba a filin Berger na hanyar Apapa zuwa Oshodi ake samun na kirki ba, can na sababbin tokumbo ne. Tsofaffin suna kwance ne a gidaje a Surulere da Ilupeju da Yaba da Festac da GRA ta Ikeja, an lulluɓe su da tamfol, ko kuma a garejin kanikawa inda mai su ya kawo gyara ya kasa karɓa. A nan Bahaushe yana da wata dama da wasu ba su da ita. Masu gadi da direbobin gida da 'yan gwangwan na Owode Onirin su ne ke fara jin labari idan iyalin wani gida sun gaji da mota suna son a ɗauke ta. Ka bar saƙo a wurinsu, a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, ka faɗi ainihin ƙirar da kake so, kuma ka faɗi la'adar da za ka bayar tun farko. A shafin talla na Jiji da Facebook ma ana gani, amma duk tallar da ta ce gwanjon kwastan ne, a tura kuɗin fom kafin a ga mota, damfara ce.

Ka tambayi inda motar ta yi rayuwarta. Wadda ta shekara ashirin a Kano ko Sakkwato, rana ta fasa mata dashbod, ta busar da robobin ƙofa, ta kashe fenti, amma ƙarfenta lafiya lau. Wadda ta zauna a Lekki ko Apapa ko Victoria Island kujerunta na iya zama kamar ba a taɓa zama a kai ba, alhali iskar teku mai gishiri da ambaliyar damina sun gama da ƙasanta. Tsakanin biyun ka ɗauki ta farko. Dashbod ana canzawa da yini ɗaya.

Shirin zuwa dubawa

Ka je da bakanikenka, ba wanda mai mota ko dillali ya kawo ba, kuma in da hali ka haɗa da mai gyaran jiki. Ka biya su kuɗin yininsu ko an saya ko ba a saya ba, don kada son a yi ciniki ya rufe musu baki. Ka riƙe tocila mai haske, ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, sukudireba, farin tsumma, kwalin da za a shimfiɗa a kwanta, da mitar auna batir. Ka je da safe, ranar da ba a ruwa, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye lanƙwasa da bambancin launi. Tun a waya ka roƙi mai motar: "Baba, don Allah kada a tayar da ita sai mun iso." Da isarka ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta don kada ka ga yadda take tashi da sanyi.

Ƙarfen jiki

Nan za ka fi daɗewa, aƙalla awa guda kafin ma a taɓa makulli.

Ka fara daga nesa. Ka tsaya a kusurwar gaba ka hangi gefen motar har baya, ta ɓangaren da haske ke faɗowa. Layin ƙofofi ya tafi a miƙe. Ratar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin bonet da gefensa, ta zama ɗaya hagu da dama. In yatsanka ya shiga ta wani gefe bai shiga ta ɗaya ba, an taɓa buga motar an ja ta. Sannan ka bi da maganaɗisu a ƙasan ƙofofi, da bakin ƙarfen da ya kewaye tayoyi, da kusurwoyin but. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, fila ce aka cika aka shafe da fenti. Fila kaɗan a ƙofa ba abin tashin hankali ba ce a motar da ta shekara arba'in. Fila a dokin ƙofa ko a ginshiƙin da ke riƙe rufi ita ce matsala.

Yanzu ka durƙusa. A Marsandi akwai ramuka huɗu a ƙarƙashin ƙofofi inda ake zura jak, biyu a kowane gefe. Ka haska cikinsu, ka danna kewayensu da ƙarshen sukudireba da ɗan ƙarfi. Lafiyayyen ƙarfe ba ya motsi kuma yana ba da ƙara mai kaifi. In ka ji ya lotsa, ko ɓawon tsatsa ya zubo maka a hannu, to dokin ƙofar ya ruɓe daga ciki. Marsandi tana da kaurin shafe na roba a ƙasanta, kuma tsatsa kan yi aikinta a bayan wannan shafe ba tare da an gani ba, shi ya sa ido kaɗai ba ya isa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ce a ɗaga motar da jak ɗinta ta kowane rami. In mai ita ya fara hanya-hanya, ka san dalili.

Ka buɗe bonet ka cire batir. Farantin da yake zaune a kai, ruwan batir ne ke cinye shi, daga nan tsatsar ta gangara bangon da ke tsakanin inji da ɗakin zama. A W123 akwai magudanan ruwa a kusurwoyin bayan inji, kusa da inda bonet ke maƙale. Ganye da ƙasa kan toshe su, ruwan sama ya taru ya huda ƙarfen ya riƙa zuba a ƙafar direba. Don haka ka ɗaga kafet na gaba da na baya, har da soson da ke ƙarƙashinsa, ka taɓa da tafin hannu. Danshi a nan a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da ba a yi ruwa ba, yana nufin soson ya daɗe yana riƙe da ruwa a kan ƙarfe.

A but ka fitar da safaya ka duba ramin da take kwance, da aljihunan gefe biyu na bayan tayoyi. Ka ɗaga robar gilashin gaba da na baya da farce a kusurwoyin ƙasa. In akwai rufi mai buɗewa, ka zuba ruwan leda ɗaya a magudanarsa ka ga ko ya fita ta ƙasan mota ko ya ɓace a ciki.

A V-boot ka ƙara da inda ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya ya haɗu da jiki. In nan ya ruɓe, ka haƙura da motar komai kyanta. A 504 ka duba saman shokozoba na gaba a cikin ɗakin inji, da ƙasan direba, da gindin but. Fijon da ta yi tasha za ka ga tabon walda a waɗannan wurare, wani a kan wani.

Sai batun ambaliya, wanda a Legas dole a bincika. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa tana da alamomi da wanki ba ya kaiwa gare su: busasshen taɓo a cikin akwatin fiyus da bayan dashbod, tsatsa a layin dogon da kujera ke gudu a kai da sifirin ɗin ƙarƙashinta, layin datti a cikin gilashin fitila. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, sau da yawa a can ƙarshen ake ganin zanen inda ruwa ya tsaya. Motar da aka fesa wa turare da yawa ka rufe ƙofofinta minti goma a rana, sannan ka buɗe ka shaƙa.

Inji

Kafin a tayar, ka zaro gejin baƙin mai ka goga a farin tsumma, ka buɗe murfin zuba mai ka duba bayansa. In man ya koma launin shayi mai madara, ruwa na haɗuwa da shi. A Marsandi galibi tof gasket ne. A 504 yana iya fin haka, domin silindojinta silif ne da ake zurawa, ruwa na kewaye da su, in robar gindinsu ta saki sai an sauke inji. Ka buɗe lagireto tun inji na da sanyi. Jan ruwa mai tsatsa yana nuna an shekara ana zuba ruwan famfo zalla, mai yana yawo a sama kuma shi ma gasket ne.

A tayar kai kana tsaye a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. In ya fito da farko ya ɗauke, robobin bawul ne, gyara mai sauƙi. In ya ci gaba, musamman idan aka taka totur, ring ne. Farin hayaƙi mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne. Baƙi kuma mai ne ya yi yawa, kafireta ko injekta na son saiti. Ka saurari gaban inji a daƙiƙun farko. Ƙarar sarƙa tana kaɗawa alama ce sarƙar taimin ta miƙe, kuma injin 200 da 230E na farkon shekarun 1980 sarƙa mai layi ɗaya gare shi, in ta tsinke ta tafi da bawul.

Marsandi tana da agogon ƙarfin mai a dashbod wanda ya tsaya a 3. Da sanyi allurar ta haye 3 nan take. Bayan inji ya yi zafi tana iya saukowa idan mota na tsaye, amma da an taɓa totur ta koma sama ba jinkiri. Wadda ke kwanciya kusa da sifili ko take hawa da nawa, injin ya gaji. A dizal akwai gwajin da kanikawa ke yi: inji na aiki, a kwance murfin mai a bar shi zaune a bakin ramin. In ya ɗan yi rawa kawai, da sauransa. In iska ta tunkuɗe shi hayaƙi na bulbulowa, ring sun tafi. Ka kuma kashe dizal ɗin da makulli ka gani. W123 da tsotson iska take kashe inji, ta siraran tiyo, da shi kuma take kulle ƙofofi. In ka zare makulli inji bai mutu ba sai an danna ƙarfen da aka rubuta STOP a jikinsa, iska na zurarewa a wani wuri. Gyaran ba tsada, neman wurin ne ke cin lokaci.

In motar ta kai nan ba ta faɗi ba, ka biya a auna matsin silinda. A fetur ana son kowace ta ba da wajen "bar" 10 zuwa 12 a ma'aunin matsi, kuma bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce "bar" ɗaya da rabi. Dizal da nasa ma'aunin daban, ana son 20 ko fiye, bambanci kada ya wuce 3. Batir kuma ya nuna wajen volt 12.5 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 idan inji na aiki. Ƙasa da haka altaneta ba ta caji.

Ka tambaya ko akwai tamostat. Kanikawa da dama a ƙasar nan suna cire shi su haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin gari. Yawanci hakan rufa-rufa ce a kan toshewar lagireto ko gajiyar famfon ruwa, kuma injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana shan mai yana saurin cinyewa.

Masu neman V-boot ta wajen 1992 zuwa 1995 su kula da wayarin inji. Robar da aka naɗe wayoyin da ita a waɗannan shekaru tana bushewa ta farfashe. Ka ɗan lanƙwasa waya kusa da injekta a hankali. In rufin ya marmashe tagulla ta bayyana, sai an canza wayarin gaba ɗaya, kuma riwaya mai ɗaure-ɗaure da salatif ba zai fitar da kai ba. Ka kuma tabbata injin nata ne. Akwai V-boot da yawa da aka dasa wa injin Toyota ko Nissan. Tana iya tafiya lafiya, amma ta fita daga sahun abin da kake nema, farashinta ma ba ɗaya ba ne.

Gwajin hanya

Minti talatin zuwa arba'in, kai ne a sitiyari, rediyo a kashe. Ka haɗa hanya uku: miƙaƙƙiya inda za ka kai kilomita 80, mai ramuka, da gosulo. Kada ka hau gadar Third Mainland da motar da ba ka sani ba. Tsawonta ya kusa kilomita 12, in ta mutu maka a tsakiya ga kuɗin janwe ga jami'an kula da zirga-zirga na Legas, wato LASTMA.

Gosulon shi ne babban gwaji. Ka kunna AC ka zauna a ciki minti ashirin kana kallon allurar zafi. A Marsandi wurin zamanta 80 zuwa 90 ne, tana iya taɓa 100 ta dawo. Wadda ke ta hawa ba ta saukowa ba za ta yi maka Legas ba sai an gyara sanyayarta. AC ɗin yawancin waɗannan motoci da tsohon gas R12 aka yi shi, yanzu R134a ake samu, don haka ka tambaya ko an juya shi yadda ya kamata ko ɗura kawai aka yi.

Sitiyarin W123 yana da ɗan wasa ko da lafiyarsa, amma kada ya wuce faɗin yatsu biyu kafin taya ta amsa. Otomatik ya shiga D da R cikin daƙiƙa biyu ba tare da duka ba, mansa ja ne, ba baƙi mai ƙauri ba. A manuwal ka sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka taka totur. In inji ya yi kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare. Ƙarar "kwas" daga ƙasa lokacin tashi, a Marsandi yawanci robar farfela ce. Kukan da ke ƙaruwa da gudu daga baya aksil ne. Ka taka birki da ƙarfi inda ba kowa, ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko za ta ja gefe. Bayan an dawo a ajiye ta a kan busasshen siminti minti goma, a matsar, a duba abin da ya ɗiga. Mitar kilomita kuwa kada ka ba ta muhimmanci, yawancinsu sun tsaya ko an juya su. Cinyewar robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta gaskiya.

Takardu

Ka nemo lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe a ɗakin inji, ba ta farantin da aka maƙala kaɗai ba. Ka goge ta, ka haska ta gefe. Alamar walda ko gurza ko sabon fenti a kewayenta kaɗai ya isa ka tafi. Ka karanta ta harafi-harafi a kan takardar mallaka da lasisin mota da inshora da takardar lafiyar mota, haka ma lambar inji. A Marsandi lambobi shida na farko, bayan WDB in akwai shi, suna faɗin ainihin ƙirar: 123223 ita ce 230E, 123123 ita ce 240D, 123130 ita ce 300D, 123033 ita ce 280E, sai 124023 da 124030 wato 230E da 300E na V-boot. Tambarin bayan but da 'yan kuɗi kaɗan ake saye a Ladipo, wannan lamba ita ce shaida.

Motar da aka shigo da ita daga waje tana bukatar takardar biyan kuɗin kwastan, kuma ka kai lambarta ofishin kwastan a tabbatar kafin ka biya, musamman in Arewa za ka kai ta, domin a hanya za a tambaya. Fijon Kaduna ba ta da wannan, amma tsohon rasit na dila ko takardun rajistar farko suna da amfani. Ana duba lambar mota a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, inshora a na NIID, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa, sannan a bincika rajistar motoci ta 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sata. Motar da sitiyarinta ke dama ka bar ta. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, doka ba ta yarda da irinsu a hanya ba, waɗanda aka juya wa sitiyari a gareji kuma ba a cika samun aikin da za a amince da shi ba.

Da yawan waɗannan motoci na gado ne, mai sunan da ke takarda ya rasu. Kada ka biya ɗa ɗaya don shi ne ke riƙe da makulli. Ka nemi takardar kotu da ta ba da ikon kula da dukiyar mamacin, ko aƙalla amincewar magada a rubuce da sa hannunsu da shaidu. In uwar gidan na raye, ka gaishe ta ka ji daga bakinta: "Mama, da saninki ake sayarwa?"

Ciniki da biya

Duk abin da kuka gano ku rubuta, bakanike ya sa wa kowanne kuɗin kaya da na aiki, da wannan takarda za ka yi tayi. Dillali zai ce maka, "Alhaji, kik ɗaya take tashi, akwai mai zuwa da kuɗi da yamma." Ka bar shi ya zo. Ka nemi zama da mai motar ido da ido, domin tsakaninku ana iya samun dillalai uku kowa ya ɗora nasa. Daga abin da ka tanada kada ka kashe fiye da kashi biyu cikin uku a saye, ragowar na gyaran watannin farko ne, ko da motar ta yi kyau.

Ka biya ta banki, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da na takarda ko na wanda kotu ta ba iko. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da ta mota, da farashi da kwanan wata, da kwafin katin shaidar mai sayarwa da sa hannun shaidu biyu. Ka karɓi takardun asali da duk makullai a wurin. Canjin suna ana yin sa ne ta ofishin MVAA, hukumar rajistar motoci ta jihar Legas, da takardar rantsuwa ta kotu da ta 'yan sanda, gwajin lafiyar mota kuma a cibiyoyin LACVIS. Inshora mafi ƙaranci ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun Janairun 2023, duk wanda ya ba ka ta ƙasa da haka ka duba ta a NIID kafin ka yarda.

Kafin ka fara hawa

Motar da ta shekara a ajiye a ɗauke ta da janwe, kada a tuƙa. A sauke tanki a wanke, tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe kafireta ko injekta. A juye baƙin mai da filtarsa, da man giya da na aksil. A zubar da man birki gaba ɗaya a sa sabo, a canza tiyon birki na roba duka, domin suna kumbura daga ciki su riƙe birki. A canza tiyon fetur da na ruwa da fambel, a wanke lagireto a mayar da tamostat, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske rabi da rabi da ruwa mai tsabta. Tayoyi ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan kalmar DOT da ke rubuce a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku ne kawai, tayar ta girmi shekarar 2000, ko da zanenta bai taɓu ba a jefar. V-boot tana ɗaukar 195/65 R15, W123 da 504 kuma rim 14. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an yanke duk ruɓaɓɓen ƙarfe an yi walda da sabo, an buɗe magudanan ruwa, an fesa mai hana tsatsa a cikin dokin ƙofa da cikin ƙofofi kafin ruwan Afrilu ya sauka.